Akwatin da Na Kai wa Yaya Sani

Laraba, bayan isha'i.

Yau dai akwatin ya kama. Sati uku ina fama da shi tsakanin gyaran injinan ban ruwa. Tsohon gem ɗin bidiyo mai kaset, namu ni da Yaya Sani, na haɗa cikin akwatin katako ɗaya, da gilashin ƙaramar talabijin da batir.

Da la'asar na ɗaure shi a babur sai Bunkure, wurin Yaya. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye, Yaya ba ya magana, sai dai ya gyaɗa kai. Ina kunnawa kiɗan nan ya tashi, sai na gan mu muna yara, mun gudo daga korar tsuntsu a gonar shinkafar Baba, ƙafa duk taɓo, muna faɗa kan wa zai fara.

Ya kasa riƙe madannin gem ɗin da hannu ɗaya. Na miƙa hannu zan kashe.

"Bari," ya ce da ƙyar. "Kai ka tuƙa, ni in yi tsalle."

Haka muka yi har magariba. Sau tara muna faɗawa rami a gem ɗin, kuma duk ya ce laifina ne.