Abin da na gani a ƙofar gidana

Litinin, 5 ga Mayu 2025
Ina zaune a ƙofar gida da safe, mota ta banke Habsatu mai sayar da tumatir. Ƙugu ya karye. Mai motar bai tsaya ba. Na san shi: Ilyas, dattijon majami'armu. Jama'a suka yi caa a kan Mourtala mai kabu-kabu, don shi ya tsaya ɗaga ta. Yana kumsariya, hannun 'yan sanda.

Talata, 6 ga Mayu
Ba ruwana. Na ƙarar da ƙuruciyata ina malamin makaranta, ana ce mini Mushe, ina koya wa 'ya'yan mutane gaskiya a lakwal. Ga su nan, su ne manyan maƙaryatan gari.

Alhamis, 8 ga Mayu
Pasto ya zo, shi da rabonsa da gidan nan tun rasuwar matata. Ya yi ta kewaye-kewaye. Wai mu 'yan kaɗan ne a Agadez, in aka ji Kirista ne ya taka Musulma ya gudu, wa ya san inda abin zai tsaya. «Mushe, ba ƙarya na ce ka yi ba. Shiru kawai.» Tsoronsa ba na banza ba ne, shi ya fi ba ni haushi.

Asabar, 10 ga Mayu
Uwar Mourtala ta durƙusa a zaure. Ta ce unguwa duk an san ba na tashi daga ƙofar nan. Na ce idona ya yi rauni. Ta dube ni, har da yi mini sannu.
Abinci ya ƙi ciwuwa.

Litinin, 12 ga Mayu
Na je kumsariya, na faɗa. Ba don jarunta ba, gajiya ce.

Alhamis, 15 ga Mayu
An saki Mourtala, an kai Ilyas kaso. Ba wanda ya jefi majami'a, tukuna dai. 'Yan'uwa na majami'a sun daina gaishe ni. Maƙwabta kuwa sai yabo, wai ashe a cikinmu ma akwai na kirki. Yabon ya fi gabar ciwo.

Lahadi, 18 ga Mayu
Na kai wa Ilyas tuwo. Ba wanda ya leƙa shi, har Pasto. Bai ci ba, bai dube ni ba. Da zan tafi ya tambayi jikin matar da ya banke, sannan ya ce in yi mana addu'a. Na ce na manta yadda ake yi. Na dai yi.
Gobe sai a rage yaji, cikinsa ba ya so.