Igiyar Layya da Aka Ninka wa Mu'awiyya Sau Talatin

Ya'u Mika'ilu,
Malikanchi, Ikara.
14 ga Yuli, 2025.

Zuwa ga Mai Girma Sakatare,
Asusun Tallafin Naƙasassu na Dafa Kafaɗa,
Ikara.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: Shirin soke sunan ƙanena Mu'awiyya Mika'ilu

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina kawo kuka a madadin ƙanena, makaho mai tufkar igiya. An aiko masa da takarda cewa ranar 31 ga wannan wata za a yanke masa tallafin da shi da matarsa Hajo suke auna hatsi da shi.

1. Ranar 3 ga Yuni, saura kwana uku Babbar Sallah, ma'aikacinku ya same shi a kasuwar raguna, ya tambayi cinikin ranar. Ya faɗi gaskiya, dubu huɗu. Ma'aikacin ya ninka sau talatin, ya rubuta cewa ya haura dubu ashirin ɗin da ƙa'idarku ta yarda mai karɓar tallafi ya samu a wata.

2. Ranka ya daɗe, igiya lokaci gare ta. Shekara guda yake tufka yana ratayewa, yana jiran makon nan ɗaya da kowa ke neman abin ɗaure rago. Sauran watanni sai ya yi mako uku ba wanda ya taya. Ramar da yake tufkar da ita ma saye yake yi.

3. Tun da aka karanta masa takardar ya sa aka fitar da ramar daga ɗakinsa. Amma hannuwan ba su ji ba. Nakan zauna ina kallonsu suna murza iska a kan cinyarsa, har yakan lashi yatsa ya ƙara zaren da babu. Wutsiyar ƙadangare idan ta yanke, haka take motsi.

4. Makafi biyar a Paki sun ji labari, sun ɓoye ramarsu. Gindin durumin da suke zama aiki yanzu tsit yake, sai ƙuda. Shi kuwa jiya ya tambayi Hajo nawa ne kuɗin mota zuwa Zariya. Ba mu da kowa a can. Shekara arba'in yana makaho, bai taɓa miƙa hannu a bakin titi ba.

Don haka ina roƙo cikin ladabi a dakatar da sokewar, a turo wani ya wuni tare da shi a kasuwa cikin daminar nan, ya ga cinikin da idonsa. Don Allah a zo kafin ƙarshen wata. Bayan nan ba ni da tabbacin za a same shi a gida.

Allah ya ƙara girma.

Naka mai biyayya,
Ya'u Mika'ilu