Shanun Rawayau

Dutsin-Ma, 9 ga Afrilu, 1964

Yaya Priscilla,

Gaisuwa mai yawa. Yaya aiki, yaya sanyin Vom? Ni dai ina lafiya, amma hankalina ba a kwance yake ba.

Shanu na ta mutuwa a Rawayau, ƙasar Kurfi, kuma tun da na fara aikin malamin dabbobi ban ga irin wannan ba. Ba cutar bushiya ba ce, ba sammore ba. Saniya na kiwonta lafiya, sai ƙafafun baya su saki, ta kwanta. Harshe ya zazzago, miyau na dalala, ga ruwa a gabanta ba ta iya haɗiya. Jiki ba zafi, ido tar, tana kallonka har ta cika.

Garken na mutanen gari ne, wani Bafillace mai suna Lado yake yi musu kiwo. Da yake nasa 'yan shanun ba su mutu ba, sai aka ce guba yake sa wa na mutane. An kai ƙara, yana tsare a Kurfi. Mutum ɗaya ne ya ƙi bin su, Malam Ummaru, alhali shi ya fi kowa hasara. A gaban alƙali ya ce, "Allah ya gafarta Malam, abin da idona bai gani ba, bakina ba ya faɗinsa."

Ga jini nan a kwalba cikin ƙanƙara. Don Allah ki duba da kanki a ɗakinku na binciken cututtukan dabbobi.

Ƙaninki,
Simeon

Vom, 21 ga Afrilu, 1964

Simeon,

Na gaishe ka. Saƙo ya iso, ƙanƙarar ta narke amma jinin bai lalace ba.

Ban sami komai a ciki ba. Kada ka karaya, kuma kada ka kai wa alƙali wannan magana tukuna. Alamun da ka zayyana sun yi kama da aikin wata ƙwayar cuta da ke zaune a ƙasa. Idan ta sami mushe sai ta hayayyafa a ciki, ta zuba dafi. Ɗan kaɗan yake kayar da bijimi, shi ya sa da wuya a kama shi a jini. Ka binciko mini: shanun suna tauna ƙashi? Da rani, idan ciyawa ta rasa ƙarfi, sukan yi kwaɗayinsa. Ka aiko da abin cikin hanjin wadda ta mutu, da duk ƙashin da ka tsinta a makiyaya.

Ka riƙa cin abinci. Inna ta ce a gaishe ka.

Yayarka,
Priscilla

Dutsin-Ma, 2 ga Mayu, 1964

Yaya,

Ina gaisuwa. Na je wurin Lado a Kurfi. Ya rame ƙwarai. Da na tambaye shi zancen ƙashi sai ya ce tabbas suna ci, har ƙoƙon kunkuru suke tauna a wani busasshen tafki. Nasa kuwa tun farkon rani ya tura su fadamar Kutawa wurin ɗan'uwansa.

Malam Ummaru ya raka ni tafkin da ƙafa, rana tsaka, yana azumin nafila. Da hannunsa ya taya ni tono mushen jaki da matattun kunkuru, ga su nan na aiko miki tare da abin cikin hanjin. Na ce, "Baba, ka huta mana." Ya ce, "Malam Simeon, wanda ke tsare ya huta ne?" 'Yan'uwansa sun daina gaishe shi a masallaci. Shi ne kuma yake auna wa Ma'u, matar Lado, gero.

Alƙali ya ce zai yanke hukunci bayan ruwan farko. Hadari ya fara haɗuwa ta gabas. Ki hanzarta, Yaya.

Simeon

Vom, 19 ga Mayu, 1964

Simeon,

Gaisuwa. An dace, dafin yana cikin kunkurun da kuma hanjin.

Ga yadda aka yi, don ka iya bayani a kotu. Na jiƙa abin, na tace ruwan, na yi wa fararen ɓerayenmu allura da shi. Kafin wayewar gari kwiɓinsu ya shafe, numfashi ya gagara, suka mutu. Wanda na tafasa kafin allura bai kashe ko ɗaya ba. Gubar da mutum zai saya a kasuwa ba ta jin tsoron tafasa haka.

Abin da ya ɗauke ni lokaci shi ne gano irinta. Ƙwayar nan dangi ce mai gidaje da yawa. A madubin duba ƙwayoyin cuta duk kamarsu ɗaya, amma kowane gida da dafinsa, kowane dafi da makarinsa, mun sa musu haruffa daga A zuwa F. Na gwada su ɗaya bayan ɗaya. Makarin D ya kare ɓerayen sarai, na C ma ya ɗan kare wasu, kamar ta gaji wani abu daga gida biyu. Na maimaita har na gamsu. Babban likitanmu ya tsaya a kaina yana ta girgiza kai don mamaki, ya ce a adana ta. Ni ma, duk da ɓarnarta, abin ya burge ni.

Ya sa hannu a sakamakon, ga shi nan. A ƙone duk mushe, a ba shanu dafaffen garin ƙashi da gishiri. Muna neman allurar rigakafi da ta dace da wannan irin.

Ka gaishe mini da Malam Ummaru. Irinsa ba su da yawa.

Priscilla

Rawayau, 6 ga Yuni, 1964

Zuwa ga Malama Priscilla,

Gaisuwa da girmamawa daga Ummaru, ta hannun Malam Simeon mai rubutu. Bayan haka, an karanta bayaninki a gaban alƙali, ya sallami Lado. Ba ki san mu ba, ba ki ko san hanyar garinmu ba, kika tsaya mana. Allah ya saka miki da alheri, ya ƙara basira.

Mun ƙone ƙasusuwan, mutuwa ta tsaya. Waɗanda suka kai ƙara sun kasa zuwa rugar Lado don kunya. Jiya da safe sai ga shi da sandarsa, ya bi gida gida ya kwance shanunsu, ya kora su kiwo. Na tare shi a bakin gari na ce, "Lado, har da nasu?" Ya ce, "Malam, shanun ai ba su yi mini komai ba."

Haza wassalam.