Safa Mai Ƙahon Rago

Asabar, 1 ga Rajab 1333, Canakkale, ƙasar Turkiyya

Wai wa ya tsokano wannan yaƙi? Tun da muka iso nake tambaya. Saje Bekir ya ce wani yarima aka harbe a wani gari can ƙasar Turawa, danginsa suka hau maƙwabtansu, kowa kuma yana da abokin da ya yi wa rantsuwa. Na ce to mu mene ne namu a ciki? Ya ce mu ne abokin abokin.

Durmush, ɗan gwaggona, ya ce da ya sani da ya je gaisuwar mutuwar kawai ya komo gida.

Litinin, 3 ga Rajab

Ƙuda, ƙwarƙwata, gurasa kamar dutse. Takalmina na hagu ya buɗe baki.

Na ga Saje yana cire wa wani mamaci takalmi, na kasa cin abinci. Wai shahidi da kayansa ake binne shi, ban da takalmi da bindiga, in je in tambayi liman. Ban tambaya ba. Ko halal ne ba zan yi ba.

Durmush yana ta tsokanata, wai karatun shekara biyu ya mai da ni alƙali. Safa iri ɗaya ce a ƙafarmu, saƙar gwaggo, mai jan zanen ƙahon rago irin na ƙauyenmu. Ranar da ta ba mu, ni ta kama wa hannu, ba shi ba. "Ka dawo min da shi. In bai yiwu ba, ka juya masa fuska alƙibla."

Laraba, 5 ga Rajab

Da asuba aka ce mu fita daga ramin da muke fakewa mu afka wa Turawan da muke yaƙi da su. Na yi taku kaɗan na kife, ban tashi ba sai da aka busa a koma. Ba abin da ya taɓa ni. Durmush bai kife ba. An ce shi ya fi kowa kusantar raminsu, jarumi ne.

Yana can a fili tsakaninmu da su.

Juma'a, 7 ga Rajab

Wari. Ba barci.

Litinin, 10 ga Rajab

An tsagaita wuta don a binne matattu. Rana ta riga ta ɓata fuskoki, uwa ma ba za ta gane ɗanta ba. Na yi ta zagaye ina leƙe kamar mahaukaci. Saje ya dube ni ya ce, "Alƙali, bar fuska. Ƙafa za ka duba."

Na durƙusa na fara cire takalma. Zanen kowane ƙauye daban, wasu ma tsumma suka naɗa. Ban san nawa na cire ba kafin na ga jan ƙahon.

Ni kaɗai na kasa ɗaga shi. Wani dogon Bature daga cikinsu, fatar hancinsa duk ta saɓule, ya kama ƙafafun muka kai shi babban ramin da ake binne matattu. Da ya ga ina kokawar juya shi, ya sa hannu, bai san dalili ba. Ya miƙo min taba. Ba na sha, na karɓa.

Gwaggo, na juya shi.

Alhamis, 13 ga Rajab

An kawo sababbin sojoji. Wani daga garin Sibas ya tambaye ni wa ya fara yaƙin nan, da kuma yadda ake zama jarumi. Na ce ya cinye gurasarsa, ya nuna min safarsa. Ya ɗauka wasa nake. Na dube ta da kyau: baƙa ce, da zanen tsuntsu fari a dunduniya.

Takalmin Durmush ya ɗan yi min yawa, na cusa tsumma. Saje na kira, dole in tafi.