Kafson Gwaggo a Kokon Amatullahi

Zuwa ga Yaya Mannir,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya can Fatakwal, Allah ya ƙara rufa asiri. Mu nan Dayi an shiga yankan dawa, kowa ƙalau, in ka cire 'yarka Amatullahi da kuka kawo wa Gwaggo yaye. Na yi ta neman wayarka ba ta shiga, shi ya sa na ba direba wannan takarda.

Sati uku ke nan da mura ta kama ta. Ka san Gwaggo, a wurinta ciwo ba ya kwana bai sha kafso ba. Ja-da-rawayan nan da take jiƙa wa kajinta, shi take ɓarewa ta zuba wa yarinyar a koko, safe da yamma. Mura ta tafi, gudawa ta zo, bakinta ya yi fari fat, ko fura ba ta karɓa.

Ran Litinin na goya ta zuwa asibiti a Malumfashi. Ma'aikaciyar jinya ta ce ƙwayar cutar mura ba ta jin kafso, da kanta take wucewa. Wai a hanjin mutum da maƙogwaronsa akwai ƙananan halittu masu amfani da ke tare masa cuta. Mura ta riga ta hargitsa su, kafso ya bi ya ƙarasa sauran. Ta ba mu ruwan gishiri da sukari da maganin baki, ta ja mini kunne kada a ƙara mata kafso ko ɗaya.

Da na faɗa wa Gwaggo, cewa ta yi da kafson nan ta raine mu duka, yau kuma an zo mata da zancen ƙwarin kirki a ciki. Na jefa kwalin a masai, ta aika aka sayo wani. Kwana biyu ba ta amsa gaisuwata. Jiya na tarar da kokon yarinyar ya yi rawaya.

Yaya, tsoro nake ji. Ba mugunta ba ce, so ne, amma maganarka kaɗai take ji. Don Allah ka kira ta ranar da takardar nan ta iso, ko ka zo ka ɗauki 'yarka. Da safen nan na ɗaga ta zan yi mata wanka, sai da na dubi hannuna, don ban ji nauyin komai ba.

Baba Maiwada da Ladidi suna gaisuwa. Ka gaida Suwaiba, ka lallaɓa wajen faɗa mata, uwa ce.

Ƙanwarka,
Raudatu