Ni Na Tashe Ka Daga Layin Gwaji

Zuwa ga hasken idona, sanyin ƙirjina, ruwan farko da ya sauka a busasshiyar gonata, mijina Anwar,

Assalamu alaikum. Yau na rubuta sunanka ƙarara, sunan da kunya ba ta taɓa barin bakina ya kira ba. Na cusa takardar nan tsakanin rigunan da na goge maka, don na san sai ka isa wurin aikinka a Tsafe za ka gan ta. Kwana huɗu ke nan ina ɗauke da magana, ina zuba maka tuwo ina murmushi. Harshena ya kasa, bari alƙalami ya gwada.

Ya inuwar tsamiyata! Ka tuna ranar da ruwan Agusta ya tare mu a hanyar Furfuri, muna dawowa daga gaida Inna? Ka jingine babur, ka tuɓe babbar rigarka ka lulluɓe ni, kai kuwa kana karkarwar sanyi kana dariya, gero yana rausaya dama da hagu kamar don mu aka shuka shi. A raina na ce, duk littattafan soyayyar da na karanta babu shafin da ya kai wannan.

Kaico da littattafan nan! A cikinsu ƙanjamau mugu take kamawa, a babin ƙarshe: attajiri mai neman mata, ko yarinyar da ta shiga bariki. Ya rame, ya yi tari, ya nemi gafara, a rufe littafi. Ban taɓa karanta inda ta shiga gidan da ake tashi sallar asuba ba. Ni da ƙawayena duk haka muka ɗauka, wai a fuska ake gane mai ita.

Shi ya sa na yi abin da na yi. Kafin ɗaurin aurenmu, da liman ya nemi takardar gwaji, muka je asibiti a Gusau muka zauna a benci. Saura mutum biyu a kira mu na ce mu tashi, wai gwaji zargi ne, wai masoyan gaskiya ba a auna jininsu. Ka dube ni, sannan ka biyo ni. Wani abokinka ya samo mana takarda mai hatimi, aka ɗaura. Ni na tashe ka, Anwar. Ni!

Ranar Laraba na je awon ciki aka ɗebi jinina. Ma'aikaciyar, Hajiya Zulai, ta tura ƙofa, ta baro teburinta ta zauna kusa da ni. Ta gaya mini sakamakon. An sake gwadawa, bai canja ba. Ina ɗauke da ita.

Maza biyu kaɗai na sani a duniya: kai, da mijina na farko, marigayi Yakubu, wanda na zauna da shi wata tara a Bungudu. Da ya kwanta aka ce taifot, aka ce sammu, aka yi ta rubutu da hayaƙi har rai ya yi halinsa. Mutum ne kakkaura, ɗan sahun gaba. Wa ya kawo zancen gwaji? Allah Ya gafarta masa, ƙila shi ma bai sani ba. Ba ni da tabbas, amma can zuciyata ta karkata. In haka ne, to ni na shigo maka da ita, da lalle a ƙafata, ana guɗa. Wayyo! Yaya furen da ka tsinka da hannunka zai zamo shi ne ƙayar?

Na fara shan magani. An ce in na riƙe shi ba fashi, abin da ke cikina zai iya fitowa lafiya, ni ma in daɗe. Saura kai, tauraron asubata. Don Allah kada ka tsaya gaban madubi ka ce lafiyarka lau. Ni ma haka yake gaya mini kullum. Kada ka nufi mai sassaƙe a kasuwa. Kada ka ce sai ka ji ciwo tukuna. Ka je gobe, can Tsafe, ko ka zo Gusau in raka ka.

Ranar Juma'a zan share tsakar gida, in jira. In kai ne ka shigo, zan durƙusa in roƙi gafararka. In kuwa takardar saki ce ta zo a madadinka, zan karɓa da hannu biyu, in tattara kayana in koma wurin Inna, ba wanda zai ji aibinka daga bakina. Abu ɗaya nake roƙo: kafin ka rubuta ta, ka miƙa hannu a ɗebi jininka. Gara ka rayu kana fushi da ni, da in yi takaba ta biyu.

Taka, a gidanka ko a wajensa, har ranar da za a rufe ni da ƙasa,

Safiyatu