Kaset Goma Masu Rubutun Darasin Lissafi

Daga: Nagwa Abdussami Dasuƙi, malamar firamare mai ritaya, Gida na 7, Layin Masaƙa, Mahalla al-Kubra.

Zuwa ga: Mai Girma Daraktan Sashen Adana Shirye-shirye, Tashar Talabijin ta Nauras, Alƙahira.

Kwanan wata: Lahadi, 12 ga Mayu, 2024.

Game da: Rashin dawo da kaset goma na wasan kwaikwayon "Unguwar Masaƙa" da na ba tasharku aro.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina neman izinin gabatar da ƙorafina kamar haka.

1. A watan Janairu tasharku ta yi sanarwa cewa ainihin faya-fayan wannan wasa sun salwanta, domin an naɗi wasu shirye-shirye a kansu tun shekarun baya, kuma duk mai kwafi a gida ya taimaka ya kawo. Mijina, Ustaz Fahim Garib, ya naɗe wasan gaba ɗaya, fitowa talatin, a kan kaset goma a azumin 1988, yatsansa a kan maɓalli don kada talla ta shiga. Ranar 4 ga Fabrairu na hau jirgin ƙasa na kawo su da hannuna. An ba ni takardar shaida mai lamba 218, aka ce za a dawo mini da su bayan sati biyu.

2. Ya kamata in bayyana amfanin waɗannan kaset a gidanmu. Shekara huɗu ke nan da ciwon mantuwa ya kama mijina. Ba ya gane 'ya'yansa. Ni kuwa, matarsa ta shekara arba'in da shida, "Madam" yake ce mini, har ya tashi ya ba ni kujera kamar baƙuwa. Amma kullum bayan la'asar, da na sa kaset kiɗan buɗewa ya tashi, sai ya waiwayo ya ce, "Nagwa, ki bar wanke-wanken nan mana, an fara!" Sai ya ci wakensa da burodi, ya zagi mugun attajirin wasan, ya ce mini ni ma bakina ɗaya da surukar cikin wasan. Minti arba'in nake samun mijina a yini.

3. Na dawo ranar 3 ga Maris, aka ce mai makullin ɗakin ajiya yana hutu. Na dawo ranar 21 ga Afrilu, aka ce an haɗe sashen da wani, kayan suna cikin kwalaye a ƙasa, kuma an duba ba a ga kaset mai wannan suna ba. Wata ma'aikaciya mai kirki ta ba ni shayi, ta ce in kwantar da hankalina, ai tashar ta fitar da sababbin wasanni biyar a azumin bana.

4. Na gwada su, ranka ya daɗe, duka biyar. Ban zo in koya wa kowa aikinsa ba. Amma a wasannin da, mutum yakan shiga gida ya yi sallama, ya zauna, a gama magana kafin a yi faɗa. Da an sha ruwa layinmu yakan yi tsit, kiɗa ɗaya ke fita daga kowace taga. Na yanzu kuwa, kafin a ce wani abu an zaro bindiga, kowa na ihu a cikin gidan da ban taɓa ganin irinsa a Mahalla ba, kuma ban ga wanda ya taɓa wanke kofi ba. Mijina ya toshe kunnuwa, ya tambaye ni ko yaƙi aka fara. Likita ya auna shi ranar 6 ga Mayu, ya rage kilo bakwai.

5. A nan dole in amsa nawa laifin. A zamanin da, maƙwabta kan ari kaset su ƙi dawowa da shi. Saboda haka mijina ya rubuta "Darasin Lissafi, Aji Uku" a jikin duka goman, da jan biro, kuma babu wanda ya taɓa neman aronsu. Ranar da na kawo su na manta ban faɗa ba. Sai a jirgi, a hanyar komowa daga zuwana na ƙarshe, abin ya faɗo mini a rai. Na buga waya sau tara ba a ɗauka ba. Ina tsoron kada wani ya ga darasin lissafi a ɗakin ajiyar talabijin ya zuba a shara, kuma wallahi ba zan ga laifinsa ba.

Don haka ina roƙon mai girma Darakta da ya ba da umarni a buɗe kwalayen, a nemi wannan rubutu na jan biro. Ba na neman diyya, ba na neman a hukunta kowa. Idan goman ba su samu ba, ɗaya ya isa, kowanne ne, domin mijina ba zai san an maimaita ba. Idan ɗayan ma ya gagara, a taimaka mini da kiɗan buɗewar kawai. Bai kai minti biyu ba, kuma a lokacinsa ne mijina yake kiran sunana.

Yau kwana casa'in da takwas ina Madam a gidana.

Tare da matuƙar ladabi da girmamawa,

Nagwa Abdussami Dasuƙi
(Takardar shaida mai lamba 218 tana haɗe.)